Rigar kariyar lauya da akanta: ina ta fara, ina ta tsaya? Tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina shan waɗannan tambayoyin, wasu daga matasan lauyoyi da ba su jima da fara aiki ba, wasu daga akantocin da oga ya tasa a gaba sai sun sa hannu a takardar da hankalinsu bai kwanta da ita ba, wasu kuma daga mutanen da suke ganin lauyansu ne ya kashe musu shari'a. Shi ne na ce bari in haɗa su wuri ɗaya. Amma tun farko a sani, doka kowace ƙasa da tata, abin da kotun Ingila ta yanke ba lallai ya zama shi ne a Ostireliya ba, don haka duk inda na ambaci ƙasa to ita nake nufi, kai kuma sai ka duba yadda abin yake inda kake aiki.

Barista, wai da gaske ne lauya yana da rigar kariya, ba a kama shi ba a kai shi ƙara?

A'a wallahi, wannan zancen ya yi yawa. Lauya in ya yi sata kama shi ake yi kamar kowa, in ya cinye kuɗin da aka ba shi amana a soke lasisinsa kuma a ɗaure shi. Rigar da ake magana a kai aikin take rufewa, wato abin da ya faɗa ko ya rubuta da zuciya ɗaya yana tsaka da kare wanda ya ɗauke shi.

Takardar da aka fi kafa hujja da ita a duniya ita ce wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a taron Havana na ƙasar Kyuba a 1990, kan matsayin lauyoyi. Sashe na 16 ya ce gwamnati ta tabbatar lauya yana aikinsa ba barazana ba tsangwama ba katsalandan, na 18 ya ce kar a ɗora wa lauya laifi ko aƙidar wanda yake karewa, na 20 ya ba shi kariya daga ƙara ko tuhuma kan maganar da ya yi da kyakkyawar niyya a gaban kotu, na 22 kuma ya ce a mutunta sirrin da ke tsakaninsa da mai ɗaukarsa. Matsalar ita ce ba yarjejeniya ba ce mai ɗaure ƙasa, ƙa'idoji ne kawai, ƙasa na iya yin kunnen uwar shegu da su kuma da yawa suna yi. Sai a 2025 ne ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Council of Europe ta fito da yarjejeniya sukutum kan kare sana'ar lauya wadda za ta ɗaure duk ƙasar da ta rattaba hannu ta kuma amince da ita.

To me ya sa za a ware su a ba su kariya, sun fi sauran ma'aikata ne?

Ba su fi kowa ba. Ka ɗauka kai ne aka kama yau, kana zaune gaban lauyanka a wani ɗan ɗaki, akwai abin da ka yi wanda ko matarka ba ka faɗa wa ba, kuma sai ya san shi kafin ya iya ba ka shawarar kirki. In ka san gobe za a iya kiransa a sa shi rantsuwa ya zayyane duk abin da ka faɗa, za ka buɗe baki? Ba za ka buɗe ba, za ka ba shi rabin labari, shi kuma ya shiga kotu da rabin labari a kayar da ku. Kaga kenan kariyar taka ce, a hannunsa kawai aka ajiye ta.

Akanta kuma, musamman odita mai binciken littafin kamfani, nasa ya sha bamban, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Shi lauya ana kare shi ne don ya iya yin shiru. Shi odita ana kare shi ne don ya iya yin magana, ya ce wannan lissafin akwai aringizo a ciki ko da wanda ke biyansa bai so ba, domin banki da masu hannun jari da hukumar haraji duk da sa hannunsa suke dogara. In ka riƙe wannan bambancin sauran amsoshin za su zo maka da sauƙi.

Abin da na faɗa wa lauyana, alƙali zai iya tilasta masa ya faɗa?

A ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila da Amurka, a'a, sai in kai ne ka yafe. Kuma kotuna sun riƙe wannan da ƙarfin da wani lokaci har yana sosa rai. Akwai shari'ar da kotun ƙolin Ingila ta wancan lokacin ta yanke a 1995, wadda ta taso daga garin Derby. An kashe wata yarinya 'yar shekara 16, wani saurayi ya fara amsa laifin daga baya ya janye ya ce mijin babarsa ne ya yi, kotu ta wanke shi. Bayan shekaru aka gurfanar da shi mijin babar, lauyoyinsa suka ce a kawo musu abin da saurayin ya faɗa wa lauyansa tun farko domin ƙila a nan ne hujjar da za ta kuɓutar da nasu mutumin take. Kotu ta ce ba za a buɗe ba. Ka duba fa, mutum ne ake tuhuma da kisa, amma alƙalan suka ce in aka buɗe ƙofar sau ɗaya saboda dalili mai kyau, daga ranar babu lauyan da zai iya kallon idon mutum ya ce masa faɗa min komai ba mai ji.

Ni kaina wannan hukuncin yana min nauyi duk lokacin da na tuna shi, ba kuma kowace ƙasa ce ta kai can ba, Kanada misali ta bar 'yar ƙofa idan marar laifi na gab da shiga kurkuku. A Amurka kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 1998 cewa sirrin yana nan ko bayan mutum ya rasu, a shari'ar da ta shafi bayanan da wani lauya ya rubuta lokacin ganawarsa da Vince Foster, jami'in fadar shugaban ƙasa, kwana tara kafin mutuwarsa.

Kenan ko me na faɗa masa ya shiga rijiya?

Ba ko me ba. Tun 1884 kotun Ingila ta raba abin gida biyu a shari'ar Cox da Railton. In ka zo ka ce Barista na riga na yi kaza, yaya zan kare kaina, wannan sirri ne. In ka zo ka ce ina so in ɓoye dukiyata kar masu bina bashi su same ta, tsara min takardar da za mu sa mata tsohon kwanan wata, wannan ba neman shawarar doka ba ne, neman abokin aikata laifi ne, kuma babu sirri a kansa ko da shi lauyan bai gane cewa amfani ake yi da shi ba.

Akwai wasu ramukan da mutane ke faɗawa kullum. Takardar da dama can tana nan, kamar rasit ko littafin ciniki, ba ta zama sirri don kawai ka kai ta ofishin lauya ka ajiye. Sannan in ka ɗauki shawarar da lauya ya rubuto maka ka tura a gurup ɗin WhatsApp mai mutum talatin, kai da hannunka ka yaga rigar. Lauyan da ke cin albashi a cikin kamfani shi ma ya yi hattara, a Amurka tun shari'ar Upjohn ta 1981 sirri yana rufe maganarsa da ma'aikatan kamfanin, amma kotun Tarayyar Turai a shari'ar Akzo Nobel ta 2010 ta ce idan hukumar Tarayyar na binciken haɗa baki a kasuwa, imel ɗin lauyan cikin gida ba shi da wannan kariyar, dalilinsu shi ne wanda ke ƙarƙashin oga bai cika cin gashin kansa ba.

Ni akanta ce, shawarar haraji nake bayarwa iri ɗaya da ta lauya. Nawa sirrin fa?

Hajiya, a nan sai dai haƙuri. Wajibi ne a kanki ki riƙe sirrin kwastomanki, in kika fallasa ba dalili ƙungiyarku za ta hukunta ki shi ma ya kai ki ƙara, amma ranar da kotu ko hukumar haraji ta aiko da sammaci bisa doka to sai kin miƙa fayil. Wajibcin riƙe sirri daban, ikon ce wa kotu ba zan faɗa ba daban, na biyun lauya aka ba.

An gwada faɗaɗa shi. Kamfanin inshora na Prudential ya kai maganar har Kotun Ƙolin Birtaniya kan shawarar harajin da akantocin PwC suka ba shi, a 2013 alƙalai biyar cikin bakwai suka ce a'a, in za a canza to aikin majalisa ne. A Amurka ma tun 1973 Kotun Ƙoli ta ce dokar tarayya ba ta san sirrin akanta da kwastoma ba, a 1984 ta ƙara da cewa takardun aikin odita ma hukumar haraji na iya karɓa, domin amanar jama'a ce a wuyansa kafin ta kamfanin da ya ɗauke shi. A 1998 majalisarsu ta ɗan ba masu shawarar haraji kariya, sai dai ba ta aiki in maganar ta zama ta aikata laifi, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Hanya ɗaya da ake bi ita ce ta shari'ar Kovel ta 1961 a Amurka, inda lauya ne yake ɗaukar akanta don ya taya shi fahimtar lissafin wanda yake karewa, kamar dai tafinta, to a nan rigar lauyan tana rufe akantan. Amma sai an tsara shi tun farko a rubuce, ba bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada a zo ana cewa ai dama a ƙarƙashin lauya nake ba. A ra'ayina alƙalai biyun da suka saɓa a shari'ar Prudential suna da hujja, shawara ɗaya ce mutum yake nema ko daga bakin wa ta fito, sai dai abin da doka take a yau shi na faɗa miki.

Lauyan abokin shari'ata ya kira ni maƙaryaci gaban jama'a a kotu. Zan iya ƙararsa kan ɓata suna?

In a cikin zaman kotu ya faɗa kuma yana da alaƙa da shari'ar, da wuya ka ci. Tun 1883 a shari'ar Munster da Lamb a Ingila aka kafa cewa ba a ƙarar lauya kan ɓata suna saboda abin da ya faɗa yana kare mutum, alƙali da shaidu ma haka. Amma yana fitowa harabar kotu ya tsaya gaban kyamarar 'yan jarida ya maimaita, wannan cikakkiyar kariyar ba ta biyo shi waje ba. Kuma ko a ciki, alƙali na iya kama shi da raina kotu, ƙungiyar lauyoyi na iya ladabtar da shi in ya jefi mutum da zargin zamba ba tare da wata madogara ba. Can za ka kai kukanka.

Lauyana ya yi sakaci na faɗi shari'a, akwai abin da zan iya yi?

Da can a Ingila babu. A 1967 a shari'ar Rondel da Worsley aka tabbatar cewa ba a ƙarar lauya kan yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali, saboda a cewarsu biyayyarsa ta farko ga kotu take, kuma in aka bari kowa ya faɗi sai ya dawo ya sake shari'ar ta bayan gida ta hanyar ƙarar lauyansa. Shekara 33 ana haka, sai a 2000 kotun ta juya a shari'ar Hall da Simons ta cire rigar gaba ɗaya, tana ganin likita ma yana yanke shawara cikin gaggawa da rai a hannunsa kuma ana ƙararsa, to me ya sa lauya zai fita daban. New Zealand ta bi sahu a 2006. Ostireliya kuwa ta ƙi, babbar kotunta ta sake tabbatar da kariyar a 2005, a 2016 ta ɗan rage mata faɗi ta ce ba ta rufe shawarar da lauya ya bayar ta a yi sulhu.

Sai dai ɗan'uwa faɗuwa a shari'a ba ita ce sakaci ba, duk shari'a dole wani ya faɗi. Abin da za ka nuna shi ne lauyan ya yi abin da lauya mai hankali da ƙwarewa ba zai yi ba, sannan wannan kuskuren ne ya jawo maka asara. Wanda ya fi sauƙin kamawa shi ne na wa'adi, ka ba shi takardu da wuri ya jefa a durowa har lokacin shigar da ƙara ya wuce. Amma don bai yi wa shaida tambayar da kai kake so ba, wannan dabarar aiki ce, kotu ba ta cika shiga ba.

Na sayi hannun jari saboda rahoton odita ya nuna riba, kamfanin ya durƙushe. Oditan zai biya ni?

Wannan ita ce tambayar da aka fi shekara ɗari ana kokawa da ita. A 1896 a shari'ar kamfanin auduga na Kingston, manaja ya yi shekaru yana ƙara yawan kayan da ke sito a takarda, oditoci suka yarda da sa hannunsa ba su je sun ƙirga ba, kotu ta wanke su, alƙali ya ce odita karen gadi ne ba karen farauta ba. Yau wannan uzurin ba zai wadatar ba, tun bayan badaƙalar kamfanin magunguna na McKesson & Robbins a Amurka a 1938, inda aka tarar kayan sito da basussukan da ke littafi na bogi ne, aka wajabta wa odita ya je ya gani da idonsa ya kuma tuntuɓi waɗanda aka ce ana bin su bashi.

Amma ko ya yi sakaci, wa zai biya? Alƙali Cardozo na New York ya hango matsalar a 1931 a shari'ar Ultramares, in aka ce duk wanda ya karanta rahoton zai iya ƙara, to kuskure ɗaya zai jawo wa akanta diyyar da ba a san adadinta ba, ga mutanen da ba a san yawansu ba, har lokacin da ba a san ƙarshensa ba. Ingila ta rufe maganar a 1990 da shari'ar Caparo. Kamfanin Caparo ya saye wani kamfani mai suna Fidelity bayan lissafi ya nuna ribar fam miliyan 1.3, daga baya ya ce ashe asara ce ta sama da fam 400,000. Kotu ta ce rahoton shekara an yi shi ne don masu kamfani a dunƙule su sa ido kan daraktocinsu, ba don mai neman saye ya yanke shawara ba. Sai in oditan ya san kai takamaimai za ka dogara da rahoton don wata harka takamaimai, a nan ne kake da ƙafar tsayawa.

Wasu ƙasashen ma iyaka suka sa wa diyyar. Jamus ta daɗe da tsayar da ita a Yuro miliyan 4 ga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, sai da kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Wirecard ya ruguje a 2020 aka nemi Yuro biliyan 1.9 da littafi ya ce suna banki aka rasa, sannan a 2021 aka ɗaga ta zuwa miliyan 16 aka kuma tsaurara hukuncin ganganci. Ina fahimtar dalilin iyakar, manyan kamfanonin odit huɗu ne kacal suka rage tun bayan da kamfanin odit na Arthur Andersen ya durƙushe sanadin badaƙalar kamfanin makamashi na Enron a 2002, amma ina kuma tausayin wanda ya zuba kuɗin fanshonsa saboda ya ga sa hannun ƙwararru.

Oga ya ce in gyara alƙaluman, in na ƙi aikina ya tafi. In asiri ya tonu ba shi za a kama ba?

Da kai za a kama. Wannan ita ce amsar da na fi so matasa su ji.

A kamfanin sadarwa na WorldCom akwai mata biyu. Betty Vinson akanta ce, manyanta suka ce ta mayar da kuɗin da aka kashe na yau da kullum su koma kamar jarin da aka zuba don riba ta fito, ranta bai so ba, har ta yi tunanin ajiye aiki, amma ta yi, ta kuma ci gaba da yi. A 2005 aka yanke mata wata biyar a kurkuku. Cynthia Cooper kuma ita ce shugabar odit na cikin gida, ita da yaranta suka riƙa bin lissafin da daddare a ɓoye har suka gano aringizon dala biliyan 3.8 a 2002, ta wuce kai tsaye ta kai wa kwamitin odit na hukumar daraktoci. Kamfani ɗaya, matsin lamba iri ɗaya.

Na taɓa zama da wani matashin akanta da ya zo min da irin wannan, ya ajiye fayil a kan tebur hannunsa na rawa, ya buɗe shafin da aka manna wa 'yar takarda mai ruwan ɗorawa an rubuta "a daidaita kafin Litinin", ba suna ba sa hannu. Ya ce min matarsa na da tsohon ciki, ina zai je in aka sallame shi. Abin da na ce masa shi zan ce maka, ka mayar da maganar rubutacciya. Ka tura imel cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe na ga umarnin kaza, a fahimtata ya saɓa wa ƙa'idar lissafi ta kaza, ina neman a tabbatar min a rubuce. Mai son a yi coge ba ya son rubutu, sau da yawa daga nan maganar take mutuwa. In ba ta mutu ba ka haura sama, kwamitin odit ko hukumar daraktoci, ka kira layin shawara na ƙungiyarku, ka riƙa rubuta rana da lokaci da wanda ya faɗi me. Kar dai ka kwashi takardun kamfani ka kai gida ba tare da shawarar lauya ba, da wannan ake juya wa mai gaskiya shari'a.

Tun watan Yulin 2017 ƙa'idar ɗa'a ta akantocin duniya ta buɗe ƙofa cewa in akanta ya ga karya doka mai girma ya bi matakan cikin gida ba a ji ba, zai iya kai wa hukuma kuma ba za a ɗauke shi ya ci amanar sirri ba. Dokokin kare masu kwarmato ma suna nan, Birtaniya 1998, Amurka dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 da Dodd-Frank ta 2010 wadda har ladan kashi 10 zuwa 30 na tarar take bayarwa in ta haura dala miliyan ɗaya, Tarayyar Turai 2019. Ba zan ɓoye maka ba, doka na iya sa a biya ka diyya ko a mayar da kai aiki, amma ba ta hana a yi maka bita da ƙulli a ofis, waɗanda suka bi hanyar nan da yawa sun sha wuya kafin su ga haske.

In na kai rahoton kwastoman da nake zargi da halasta kuɗin haram, ashe ba shi da laifi, zai iya ƙarata?

In da zuciya ɗaya ka kai, a'a. Hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya, wadda aka kafa a Paris a 1989, ta shigo da lauyoyi da akantoci cikin tsarinta a 2003, duk lokacin da suke saye da sayar da gidaje ko kafa kamfani ko riƙe kuɗin wani. Shawararta ta 21 ta ce ƙasa ta kare mai kai rahoto daga ƙara ko tuhumar fallasa sirri ko da daga baya aka ga babu laifi, ta kuma haramta ka tsegunta wa mutumin cewa an kai rahotonsa. Wannan na biyun yana kama mutanen kirki, tausayi ya sa ka ce masa Alhaji ka yi hankali fa, shi kenan ka aikata laifi.

Lauyoyi sun yi ta faɗa da wannan tsarin domin yana mayar da su 'yan leƙen asirin waɗanda suka amince da su. A Kanada sun yi nasara a Kotun Ƙoli a 2015. A Faransa wani lauya mai suna Michaud ya kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ya faɗi a 2012, saboda dokar ba ta taɓa aikin kare mutum a kotu ba, kuma rahoton ta hannun shugaban ƙungiyar lauyoyi yake bi kafin ya isa hukuma.

Jami'an tsaro za su iya shiga ofishin lauya su kwashe fayil da kwamfuta?

Da takardar izinin kotu za su iya, ofishin lauya ba hurumi ba ne. Amma tun shari'ar Niemietz da Jamus a 1992 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce izinin ya fayyace abin da ake nema, ba a shigo a yi ta buɗe fayil ɗin kowa ba. In ta faru da kai kar ka tare ƙofa, ka karanta takardar, ka kira ƙungiyar lauyoyi su turo wakili, ka faɗa a rubuce cewa fayil kaza da kaza sirrin mutane ne a rufe su a manne har alƙali ya duba, ka kuma karɓi jerin duk abin da aka ɗauka.

Lauyan da ke kare ɗan ta'adda ko ɓarawon gwamnati, shi ma ai abokin ɓarawo ne ko?

Don Allah a daina faɗin haka, wannan maganar ta ci rayuka. Ranar 24 ga Janairun 1977 'yan bindiga suka shiga ofishin lauyoyin ƙwadago a titin Atocha na birnin Madrid suka kashe mutum biyar, shi ya sa duk shekara a wannan ranar ake tunawa da lauyoyin da ke cikin haɗari. Lauya Pat Finucane a birnin Belfast na Arewacin Ireland, a 1989 aka harbe shi a gidansa gaban matarsa da 'ya'yansa suna cin abinci, don ana ganinsa ɗaya da waɗanda yake karewa, daga baya firaministan Birtaniya David Cameron ya nemi gafara kan hannun da jami'an gwamnati suke da shi a ciki.

Wanda ake tuhuma ba a tabbatar da laifinsa ba tukuna, kuma ko mai laifin ne sai an bi hanya kafin hukuncin ya zama hukunci. Ranar da lauyoyi suka fara tsoron karɓar shari'ar wanda jama'a suka tsana, wanda aka shafa wa kashin kaji shi zai fara rasa mai tsaya masa. Inda lauya ke zama abokin ɓarawo shi ne in ya ɓoye kuɗin a asusunsa, ko ya shirya shaidar zur, ko ya faɗa wa kotu abin da ya san ƙarya ne.

Inshorar sana'a da rijistar kamfani mai iyakantaccen alhaki sun isa su kare ni?

Suna taimakawa sosai. Tsarin haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki, wanda jihar Texas ta fara a 1991 Birtaniya ta yi dokarsa a 2000, yana hana a sayar da gidanka saboda kuskuren abokin aikinka, amma naka kuskuren yana nan a wuyanka. Inshora kuma sakaci take biya, ba ta biya wa mutum zambar da ya yi da gangan. Yawancinta tana rufe ƙarar da aka kawo ne a shekarar da take aiki, don haka ranar da ka gano ka yi kuskure ka sanar da su ko ba a kai ga ƙara ba, in ka yi shiru kana fatan abin ya wuce za su iya ƙin biya. In za ka rufe ofis ko ka yi ritaya ka sayi wadda za ta ci gaba da rufe tsofaffin ayyukanka.

Shekara nawa zan ajiye fayil bayan na gama aiki?

Ya danganta da ƙasa da irin aikin. Tsarin FATF ya ce aƙalla shekara biyar ga bayanan kwastoma da na hada-hadar kuɗi, Amurka ta ce shekara bakwai ga takardun odit na kamfanonin kasuwar hannun jari, a Ingila wa'adin ƙarar kwantiragi shekara shida ne amma ta sakacin da bai fito fili da wuri ba na iya kaiwa 15. Wasiyya da takardun fili da na marayu kuwa ba a gaggawar taɓa su.

Abu mafi muhimmanci a fayil ɗin shi ne wasiƙar farko da ta fayyace aikin da aka ɗauke ka da wanda ba a ɗauke ka ba, sai 'yan bayanan da ka rubuta bayan kowace ganawa, musamman ranar da ka ba da shawara aka ƙi bi. Kuma da zarar ka ji ƙishin-ƙishin ɗin bincike ko ƙara, ka dakatar da duk wani share imel da yaga takarda a ofis nan take, ko da ƙa'idarku ta ce lokacin zubar da su ya yi. Yaga takardun Enron ne ya sa aka kama Arthur Andersen da laifin hana shari'a aikinta a 2002, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005, amma kafin nan kamfanin da ke da ma'aikata kusan 85,000 a duniya ya riga ya miƙa lasisinsa kwastomominsa sun watse.